Wai mene ne sikirachfad ɗin nan da ke cikin mikro (ƴar ordinatar da ke cikin guntu guda)?

Habu_Karkada: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da hutawa. Tambaya gare ni ga manyanmu. Ina haɗa na'urar ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno da kaftar zafi (abin auna zafi) DS18B20. A takardar bayanin kaftar sai maimaita sikirachfad suke yi, wai sai ka karanta shi za ka samu zafin. Can kuma a darasin mikro 8051 da muke yi a jami'a, mushe, malaminmu, ya zana mana RAM ta ciki, ma'ajiyar aiki ta mikro, ya ce daga adireshi 30H zuwa 7FH nan ne sikirachfad. To abu guda ne, ko suna ne ya zo ɗaya? Ni kam a ganina RAM ce kawai aka sake ma suna don a wahal da ɗalibai. Sannan wani lokaci ekaran yana nuna mini digiri 85, alhali akwatin ko ɗumi bai yi ba.

Sani_Sola: Wa alaikumus salam. 85? Habu ƙwai za ka ƙyanƙyashe ko dafawa za ka yi mana?

Habu_Karkada: Yaya Sani bar ni da abin da ya dame ni, ƙwan mutane ne.

Mushe_Issufu: Wa alaikumus salam Habu. Rabin maganarka gaskiya ce. RAM ce, da irin kayan da ake gina kowace SRAM aka gina ta. Abin da ya sa aka ware mata suna shi ne aikinta: ƴar ƙaramar ma'ajiya ce kusa da ƙwaƙwalwar mikro, mai saurin shiga da fita, inda ake aje lissafin da bai ƙare ba. Kamar allon almajiri ne, ka rubuta, ka biya, ka wanke, ka sake rubuta wani. Ba a ajiyar dindindin a kai.

A 8051 ɗin da kuke karantawa, wanda Intel ta fitar a 1980, RAM ta ciki oktet 128 ce gaba ɗaya (oktet guda bit 8 ne, bit kuma gurbin 0 ko 1). Oktet 32 na farko, daga 00H zuwa 1FH, rukunin rajista ne guda 4, kowane da R0 zuwa R7. Daga 20H zuwa 2FH oktet 16 ne da ake iya taɓa su bit bit, bit 128 ke nan, masu kyau ga tutoci irin su fanka a kunne ko a kashe. Abin da ya rage, 30H zuwa 7FH, oktet 80, babu wanda ya riƙe shi, naka ne ka yi yadda ka ga dama. Shi ne mushenku yake nufi.

Zakari.Zango: Oktet 80 kacal? Saƙon barka da Juma'a da ake turo mini ya fi haka tsawo.

Baba_MaiRediyo: Yaro man kaza. Da oktet 64 aka yi aiki duniya ta zauna lafiya. Intel 8048 na 1976 abin da yake da shi ke nan, kuma shi ne a cikin kilabiyen ordinatar IBM PC ta farko. Fairchild F8 na 1975 shi ma 64, kuma su kansu masu shi sikirachfad suke kiran wurin a takardunsu. Ku yanzu an ba ku kilo 2, oktet 2048, kuna kuka.

Injiniya_Rabi: Habu, bari in taɓa 85 ɗin nan tunda shi ne mai gaggawa, kuma amsarsa tana cikin tambayarka ta farko. DS18B20 tana da sikirachfad nata na oktet 9. Na 0 da na 1 su ne zafin da aka auna. Na 2 da na 3 iyakar sama da ta ƙasa ta ƙararrawa. Na 4 saiti ne, inda ake zaɓar bit 9 zuwa 12. Na 5, 6, 7 kamfani ya riƙe su. Na 8 shi ne CRC, lambar da ake gane ko saƙon ya lalace a hanya.

Duk lokacin da wuta ta shiga kaftar, kafin ta auna komai, abin da ke cikin oktet biyu na farko 85 ne. Haka aka yi ta. Sai ka tura mata umarnin 44H ta auna, ta rubuta sabon sakamako a wurin, sannan ka tura BEH ka karanta. A bit 12 aunawar tana ɗaukar har milisakan 750. In ka karanta kafin a yi awon farko, ko wutar kaftar ta ɗan yanke ta dawo, 85 za ka gani. Lafiyarta lau, abin da ke rubuce ta ba ka.

Habu_Karkada: Ikon Allah. Anti Rabi, lokacin da relai yake kunna kwan fitilar ɗumama ne ya fi yi mini haka.

Injiniya_Rabi: To ka ga alama. Waya nawa ka ja zuwa kaftar, biyu ko uku?

Habu_Karkada: Biyu. Wani bidiyo na gani an haɗa ja da baƙi wuri guda.

Injiniya_Rabi: Wannan tsarin yana aiki, amma kaftar tana satar wutarta ne daga wayar saƙo, kuma lokacin awo ta fi buƙatar wuta. Ja waya ta uku ka ba ta bolt 5 nata, ka bar razistans 4.7k tsakanin wayar saƙo da bolt 5, ka sa ƙaramin kwandansatar 100nF dab da ƙafafunta. Relai kuma kada ya sha daga bakin Arduino kai tsaye. A cikin kod ka ce in an ga 85 daidai a watsar a sake awo, don in ba haka ba na'urar za ta ɗauka akwati ya yi zafi ta kashe fitila. In kuma ka ga 127 da alamar ragi a gaba, wannan wani zance ne, kaftar ce ba ta amsa ba sam, duba waya.

Auwal_Kano: Salam jama'ar Damagaram, ɗan uwanku ne daga Sabon Gari. Ni dai a fahimtata sikirachfad shi ne kash (cache). Duka ƙanana ne, duka masu sauri, duka suna tsakanin ƙwaƙwalwa da babbar ma'ajiya. Suna ne kawai na zamanin da.

Mushe_Issufu: A'a Malam Auwal, a nan kam ban bi ka ba. Kash ba shi da adireshi nasa. Na'ura ce da kanta take kwafo abin da take zaton za a nema, ta jefar da wani, kai mai kod ba ka ma san abin da ke ciki ba. In abin da aka nema yana nan, sauri. In babu, jira. Sikirachfad kuwa yana da adireshinsa a taswirar ma'ajiya, kai ko kwamfaila ne kuke cewa wannan ya zauna nan, kuma nan zai zauna har ku ɗauke shi. Ba kwafin wani abu ba ne a wani wuri. Saboda haka lokacin karanta shi bai canzawa, yau da gobe ɗaya ne.

Auwal_Kano: To ai kash ya fi ke nan, tunda shi yake yi maka aikin.

Lawali_Onduler: Ya fi a ordinatar da salula, inda ba wanda zai mutu don shafi ya makara da ƙiftawar ido. Zo ka haɗa onduler ka gani. Kana fitar da wuta mai zagaye 50 a sakan, kana kunna tiranzisto kana kashewa sau dubbai a cikin sakan guda, kowane bugu da lokacinsa. Can ba matsakaicin sauri kake nema ba, so kake ka san mafi munin jinkirin da zai iya faruwa, ka tabbata bai wuce iyaka ba. Da kash wannan lissafin yana da wuya. Shi ya sa manyan mikro na ARM irin Cortex-M7, duk da suna da kash, aka sake ba su wata ma'ajiya manne da ƙwaƙwalwa da suke kira TCM, ɗaya ta umarni ɗaya ta bayanai. STM32H743 yana da kilo 64 na umarni da kilo 128 na bayanai. Kod ɗin katsewa, wato wanda mikro yake barin aikinsa ya yi in abin gaggawa ya taso, da teburin lissafi can ake zuba su. In da kash ya wadatar, da ba su ɓata wuri ba.

Auwal_Kano: Na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin a aikace yawancinmu ba za mu taɓa jin bambancin ba.

Lawali_Onduler: A kunna fitila da kashewa, gaskiyarka.

Nura_Birni: Tunda an ambaci STM32, wanda duk zai taɓa F407 ya kiyaye. Yana da kilo 64 da suke kira CCM, a adireshin 0x10000000. Sauri kam akwai, amma DMA, mai kwashe bayanai ba tare da ƙwaƙwalwa ta sa hannu ba, ba ta isa can. Wani abokin aikina ya aje ma'ajiyar ADC ɗinsa, mai mayar da awon kaftar lamba, a ciki don wai ta fi sauri, ya kunna DMA, ba abin da ya shigo, ya yi ta zargin kaftar har ya sayo wata. CCM wurin sitak ne, inda furogiram yake jibge adireshin komawa, da lissafin da ƙwaƙwalwa kaɗai take taɓawa. Abin da DMA za ta ɗauka ko ta kawo, bar shi a SRAM ta kowa.

Zakari.Zango: Ni duk kun ɓatar da ni. Daga ƙwai mun koma onduler.

Ɗan_Gidan_Gem: Bari in ƙara ɓatar da kai. PlayStation ta farko tana da sikirachfad na kilo 1. PS2 da muka ƙare kuɗin karin kumallonmu a kanta a gidajen gem na Zango tana da kilo 16. PS3 kuma kowane ƙaramin injin da ke cikin guntunta Cell yana da kilo 256 nasa, babu kash, mai kod ne yake shigo da kaya ya fitar da hannunsa. Abin da ya sa masu haɗa wasanni suka yi ta kuka da ita ke nan a farko.

Sani_Sola: Wato duk ƙwallon da ka ci ni sikirachfad ne ya taimake ka.

Ɗan_Gidan_Gem: Hannu ne yaya, hannu.

Habu_Karkada: Na gode ƙwarai. Amma mu dawo kan Uno ɗina. Shi ina nasa sikirachfad ɗin yake? Ban ga an rubuta ba ko'ina.

Mushe_Issufu: Ba za ka gani da wannan sunan ba. ATmega328P da ke kan Uno yana da filash kilo 32 na furogiram, SRAM kilo 2, EEPROM kilo 1 da ba ta gogewa in an ɗauke wuta, da rajista 32 na aiki. Babu kash, babu wata babbar RAM a waje. SRAM ɗin gaba ɗaya tana cikin guntun, ana isa kowane oktet a lokaci guda sananne. Kana iya cewa dukanta aikin sikirachfad take yi, shi ya sa ba a ga dalilin ware mata suna ba. Sunan yana da amfani ne inda akwai ma'ajiya biyu, ta kusa da ta nesa. A 8051 in ka ƙara RAM ta waje, sai da umarnin MOVX ake zuwa can, zagaye 2 na inji, kuma sai ka fara loda adireshin a rajistar DPTR ko R0 ko R1, komai kuma ta rajistar akumulata yake bi. Na ciki MOV guda, zagaye 1, wato mikrosakan 1 da kiristal na mega 12. Nan ɗalibi yake ganin dalilin da ya sa abin da ake taɓawa kullum yake zama a 30H zuwa sama.

Hadiza_IUT: Mushe a ƙara musu da maganar sitak, don ita ce take kayar da mutane a aikin gwaji. In 8051 ya tashi, SP, rajistar da ke nuna kan sitak, yana kan 07H, abu na farko da aka tura sitak yana sauka a 08H, wato kan R0 na rukuni na biyu. In kana amfani da wannan rukunin a cikin katsewa ba ka matsar da SP ba, adireshin komawa da rajistocinka suna taka juna, furogiram ya tafi inda ba a aike shi ba. Shi ya sa layin farko a kod ɗin mutane da yawa shi ne matsar da SP, misali zuwa 5FH. Kuma ka ga ke nan oktet 80 ɗin ba duka ne naka ba, da sitak kuke rabawa, shi yana hawa sama, ba mai tsayar da shi.

Mushe_Issufu: Madalla Hadiza, haka ne. Kuma wanda yake da AT89S52 yana da oktet 256, sai dai 128 na sama ba a isa gare su sai ta R0 ko R1, don adireshinsu ɗaya da rajistocin musamman. Wuri ne mai kyau na tura sitak, a bar na ƙasa ga lissafi.

Baba_MaiRediyo: Mu masu mikro PIC ma muna da namu. A 16F877A RAM oktet 368 ce a rarrabe cikin banki 4, sai ka canza banki kafin ka taɓa. Amma oktet 16 na 70H zuwa 7FH ana ganinsu daga kowane banki. In katsewa ta faɗo ba ka san bankin da kake ciki ba, nan kake jefa rajistocin W da STATUS kafin ka yi komai, ka dawo da su in ka gama. Ban san sunan da malaman jami'a suke ba shi ba, ni dai wurin jefa kaya nake ce masa.

Zakari.Zango: Baba wannan na fahimta.

Maman_Zabbi: Sallama. Ni ba injiniya ba ce, kiwo nake yi a hanyar Mirriya, ɗana ne ya sa ni cikin gurup ɗin. Tambayata ga mai haɗa na'urar: in an ɗauke wuta tana tuna kwana nawa ƙwai suka yi? Na kaza kwana 21 ne, na zabbi 26 zuwa 28, kuma kwana 3 na ƙarshe ba a juya su. In ta manta ta koma kwana na 1, za ta yi ta juya ƙwan da ke shirin fashewa.

Habu_Karkada: Hajiya barka da zuwa. Gaskiya lissafin kwanakin a cikin RAM yake yanzu. Ko in sa shi a sikirachfad ɗin kaftar?

Injiniya_Rabi: Kada ka soma. Shi ma da wuta yake rayuwa, ai dalilin 85 ɗinka ke nan. Oktet 3 kawai, na 2, 3 da 4, suke da madadi a EEPROM ta cikin kaftar, kuma sai ka tura 48H ake kwafe su can. In wuta ta dawo sai su dawo da kansu. Akwai masu ɓoye lamba a oktet na 2 da na 3 in ba sa amfani da ƙararrawa, takardar ma ta yarda da haka, amma kai kana da EEPROM kilo 1 a Uno, me zai kai ka?

Abin lura a nan shi ne sikirachfad ɗin kaftar yana da wani aiki da na 8051 ba shi da shi. Zaure ne tsakanin waya da ajiyar dindindin. Ka rubuta da 4EH, ka sake karantawa ka duba CRC, in ya yi daidai sannan ka ce a kwafe. Waya guda ce mai tsawo, hayaniya tana shiga, ba a so a zuba shirme kai tsaye cikin EEPROM.

Sani_Sola: To Habu ka riƙa rubuta lokaci a EEPROM kowane sakan, shi ke nan.

Nura_Birni: Yaya Sani za ka kashe masa guntu. EEPROM ta ATmega328P rubutu 100,000 aka lamunce wa kowane gurbi. Kwana guda sakan 86,400 ne. Kafin jibi ka cinye lamunin. Ya sa agogo mai batir. DS1307 tana da oktet 56 na RAM da ƙaramin batir CR2032 yake riƙe da su, ka rubuta sau nawa ka ga dama ba ta gajiya. Ko ma mafi sauƙi, ranar da aka zuba ƙwai ka rubuta kwanan watan sau ɗaya a EEPROM, kullum ka debe shi daga na agogo.

Hadiza_IUT: Sai dai ya duba wadda zai saya. DS3231 ta fi DS1307 riƙe lokaci daidai, musamman da zafinmu na watan Afrilu da Mayu, amma ita ba ta da waɗannan oktet 56 ɗin. Abin da ke kan yawancin faifanta AT24C32 ce, EEPROM ce, ita ma tana da iyakar rubutu.

Auwal_Kano: To ga tambaya. Bayit, wato oktet, 56 ɗin nan na DS1307 da ba sa gogewa, sikirachfad ne ko ba shi ba ne? Mushe ya ce wurin lissafin wucin gadi ne. Wannan kuwa yana shekara yana riƙe da abu.

Mushe_Issufu: Ni ba zan kira shi haka ba. Ta layin waya biyu na I2C ake zuwa wurinsa, a hankali, ba wurin lissafi ba ne, wurin ajiya ne.

Nura_Birni: Mushe da girmamawa, masu ƙera guntayen ba su tsaya kan ƙa'idar nan ba. Dubi RP2040 na Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021. SRAM ɗinsa kilo 264 ce, banki 4 na kilo 64 da ƙanana 2 na kilo 4. Ƙananan nan a kayan aikinsu scratch_x da scratch_y suke, kuma nan sitak ɗin ƙwaƙwalwa biyun yake zama don kada su yi ta karo a kan banki guda. Wannan ya dace da bayaninka. Amma a guntun nan dai, mai gadin da ke sake tayar da mikro in ya maƙale yana da rajista 8 masu wannan sunan na scratch, kuma amfaninsu shi ne ba sa gogewa in ya sake tayar da shi. Kana barin saƙo a ciki, furogiram ya farka ya karanta ya san abin da ya faru. Ba lissafi ake yi a ciki ba, amma sunan ke nan.

Mushe_Issufu: Sake tashi daban, yankewar wuta daban. Cire masa wuta ka ga ko za su tuna.

Nura_Birni: Ba za su tuna ba. Amma na DS1307 ma cire batir ka gani.

Baba_MaiRediyo: Ku biyun nan sai an kira sallah za ku rabu.

Lawali_Onduler: Habu wani abu daban kafin in manta. In ekaran ɗinka OLED ne mai 128 da 64, laburaren Adafruit yana cin oktet 1024 na SRAM shi kaɗai, rabin abin da kake da shi. Duk rubutun da ka sa cikin Serial.print kuma ana kwafo shi SRAM tun daga tashi, sai in ka naɗe shi da F(). In wurin ya cika sitak ya haɗu da sauran kaya, Uno zai riƙa sake tashi da kansa, ka ɗauka relai ne.

Habu_Karkada: LCD ne mai layi 2, yaya Lawali. Amma rubutun kam da yawa, zan naɗe su. Na ja waya ta uku ɗazu, tun azahar yana tsakanin 37.5 da 37.8, 85 sau ɗaya ya fito lokacin da na kunna.

Injiniya_Rabi: Na lokacin kunnawa kod ne zai magance shi, jira awon farko ya ƙare kafin ka nuna komai. Ka bar shi ya kwana biyu babu ƙwai a ciki, ka sa wani ma'aunin zafi na asibiti a gefe ka gwada su, don akwai jabun DS18B20 da yawa a kasuwa.

Maman_Zabbi: Kuma ka yi tunanin rani. Yanzu sanyi ne fitila take aiki. In bazara ta zo ɗaki da kansa yana wuce 40, na'urarka ba ɗumamawa za ta yi ba, sai ta san yadda za ta rage. Ka sa mata fanka da wurin tiren ruwa tun yanzu.

Zakari.Zango: Ni mikro ESP32 gare ni, ina so ya riƙa barci yana farkawa duk minti 10 ya duba ruwan tanki, don batir ya daɗe. In ya yi barci mai nauyi komai gogewa yake yi. Shi ma EEPROM zan nema?

Hadiza_IUT: A'a. Yana da kilo 8 na ma'ajiyar RTC da ba ta mutuwa a barci mai nauyi. Sa RTC_DATA_ATTR gaban abin da kake son ya tuna. In batir ya ƙare gaba ɗaya kam ya tafi.

Auwal_Kano: To Mushe, wannan kuma a wane layi za mu sa shi?

Mushe_Issufu: Malam Auwal an kira magariba a Birni. Zakari, turo shemar tankin naka mu gani, wace kaftar ka sa a ciki?